Hayaƙi Ɗaya, Jirgi Biyu

Shekarun baya, ina malamin gona a Birnin Kudu, jan-baki suka sauko mana a fadamar da ke tsakaninmu da Gwaram. Tsuntsayen nan in suka dira a gonar shinkafa, kafin ka gama ihu sun bar maka kara. Gonar mahaifiyata ma tana cikin fadamar.

Da kuka ya yi yawa, aka samo ƙaramin jirgin feshi. Ni aka ce in je Kano in biyo matuƙin, in nuna masa kwarin da tsuntsayen ke kwana, tunda a nan aka binne cibiyata. Ni da ko bayan a-kori-kura na hau sai jiri ya ɗebe ni! Amma na kafa hula na tafi ina taƙama. Shi feshin sai dab da magariba ake yinsa, in sun dawo makwanci. Yadda aka saba kuwa, manoma su hura wuta su danna mata ɗanyen ganye, hayaƙin ya nuna wa jirgi wurin.

Kafin mu tashi, matuƙin ya zaro wani ɗan baƙin akwati daga jakarsa, bai fi sabulun wanki ba, ya manna shi a gaban gilashi.

Na ce, "Kyaftin, rediyo ce za mu sha labarai?"

Ya ce, "A'a, Malam. In wani jirgi ya matso kusa da mu, wannan ke gaya mini."

Na kwashe da dariya. "A saman Gwaram? Sai dai ya gaya maka shirwa ta zo wucewa."

Murmushi kawai ya yi.

Muna isa na hango hayaƙi ya miƙe, mai kauri, gwanin kyau. Na nuna masa da alfahari, ya fara yin ƙasa, rana mai faɗuwa tana dukan idonmu. Sai akwatin nan ya ɗauki ƙara. Na buɗe baki zan sake tsokana, na ga fuskar mutumin ta canza.

"Malam, duba damanka! Me ka gani?"

"Ba komai, sai rana."

Ƙarar ta ƙaru. Bai sake tambayata ba, ya fizgi jirgin sama ya karkatar da shi. Sai ga wani jirgi ya fito daga cikin hasken nan, ya wuce ta ƙarƙashinmu, fuu! Wallahi na ga farar rigar mai tuƙa shi. Innalillahi kawai nake maimaitawa, hular taƙamar tana can ƙarƙashin kujera. Tsoro irin wannan ban taɓa jin sa ba.

Sai da matuƙan biyu suka samu juna a rediyo muka gane. Ashe mutanen tsallaken rafi, ɓangaren Gwaram, su ma sun kai kukansu ta tasu hanyar, an turo musu nasu jirgin, ba wanda ya gaya wa wani. Kwari ɗaya, magariba ɗaya, kowa ya bi hayaƙin da ya gani. Muka bar wa wancan feshin muka juya.

Washegari na iso gida na tarar da mahaifiyata idanu jajur, amma sai fara'a take yi.

"Ka ga hayaƙin kuwa? Ni na tsaya a kansa. Na ce ɗana na sama, kada ya ɓata hanya, na yi ta lafta ganye har idona ya rufe."

Na ce, "Na gani, Inna."

"To da muka ga jirgi har biyu sun gitta a kanmu, ai mata suka ɗauki guɗa. Na ce musu na saman nan, ɗana ne a ciki."

Tuwon da ta ajiye mini na kasa kai shi baki.

Shinkafarta ta tsira a shekarar. Ni kuma daga ranar na daina raina abin da ban san aikinsa ba, na kuma daina cewa wuri kaza babu kowa sai mu. Har yau in na ga hayaƙi ya miƙe a fadama gabana sai ya faɗi.

Har Allah ya karɓi abarsa tana ba jikokinta labarin ranar da ta kira jirgi biyu da hayaƙinta, tana dariya. Ko sau ɗaya ban gyara mata labarin ba.