Gilashi na Biyar a Akwatin Tamba

Duk wanda ya kai yaro mai zazzaɓi ƙaramin asibitin nan na bakin garin Argungu, a shekarun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, ya san Malam Abdussamadu ko da bai san sunansa ba. Matan garin Gulma Mai Madubi suke ce masa. Dogo ne siriri, wuyansa ya ɗan ranƙwafa saboda shekara goma sha takwas da ya yi yana sunkuyo a kan na'ura ɗaya. Ɗan masunta ne. Ubansa kan zauna cikin jirgi ya dubi fuskar ruwa ya ce ga inda giwan ruwa yake kwance. Ɗan bai gaji taru ba, amma ya gaji idon.

Da wankin kwalabe ya fara a ɗakin gwaji. Daga baya aka tura shi kwas na wata shida, ya dawo da takardar mataimaki, kuma a nan karatunsa ya tsaya. Madubin awon da yake aiki da shi tsoho ne, ba ruwansa da lantarki, hasken rana yake kamowa, don haka teburin Malam yana bin taga daga hantsi zuwa la'asar. Aikinsa ya ɗiga jini a kan ɗan siririn gilashi, ya ja shi, ya rina, ya nemi ƙwayar maleriya. Ba ya rubuta "ba a ga komai ba" sai ya duba wuri ɗari a gilashin. Da carbi yake ƙirgawa, hannun hagu na ja, na dama na juya madubi.

A daminar 1994 'yarsa Mubina ta kwanta. Ita ce ta uku cikin 'ya'yansa biyar, shekararta tara. Zazzaɓi ne da ke sauka da safe ya dawo da yamma. Shi da kansa ya huda mata yatsa. Ya ja carbi ya ƙare, ya sake ja. Babu maleriya. Amma akwai abin da ya hana shi ɗaga kai. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ya saba ganin ɗaya ko biyu a wuri, kowace da kamarta, a nan sun cika gilashin kamar ƙananan kifaye a kududdufin da ke ƙafewa. Manya ne, duk kama ɗaya, cikinsu cike da baƙin shuɗi. Ya ɗaga ido ya dubi hoton da ke manne a bango. Ƙwayoyin maleriya ne da ƙwayayen tsutsar ciki, ba wani abu.

An ba ta kulorokwin sau biyu duk da haka. An ba ta maganin taifod. Uwarta Nana ta karɓo rubutu daga gidansu, ta dafa sabara. Tafin hannun yarinya ya yi fari, dasashinta ya soma jini, tabo ya fito mata a ƙwauri ba tare da ta bugu ba. Sau biyu ya kai ta Sakkwato, a lokacin da man fetur ya yi ɓatan dabo, sau biyu ya tarar likitoci na yajin aiki. Ya dawo da ita kwance a cinyarsa, da gilashin naɗe cikin auduga a aljihun gaba. Bai rasa mai tausaya masa ba. Abin da ya rasa shi ne ido ɗaya da ya fi nasa sani, wanda zai leƙa na minti biyu ya faɗi sunan abin, don a san maganin da za a nema.

Ana cikin haka labari ya zo cewa wata ƙungiyar agaji za ta yi bitar kwana uku a Birnin Kebbi kan duba jini da madubi. Za a kawo ƙwararriya daga Jos, Dakta Cecilia Zakka, wadda aka ce jini kawai ta karanta. Kowane mahalarci zai zo da gilasai biyar daga teburinsa, ba suna a jiki sai lamba, ranar ƙarshe ta duba. Mutum ashirin da huɗu aka gayyata, duk masu cikakkiyar takarda. Babu sunan Abdussamadu.

Akwai sunan Tamba, na asibitin Augie, ƙaton mutum mai barkwanci, wanda Abdussamadu ne ya koya masa riƙe gilashi. Abdussamadu ya tare shi a tasha.

"Malam, ka ga ikon Allah," in ji Tamba. "Ni da ka koya ma aiki anka kira, kai anka bari. Wagga jiha sabuwa ta, amma tun yanzu tana son tabarau."

"Ba wasa ya kawo ni ba, Tamba. Gilasai nawa ka haɗa?"

"Biyar cif. Kowane ya fi ɗan'uwansa muni."

"Cire ɗaya ka sa wanga."

Tamba ya karɓi gilashin ya ɗaga shi ga haske. "Na wa ne?"

"Na ɗiyata."

Tamba ya daina dariya. Ya buɗe ɗan akwatinsa na katako ya zura gilashin a gurbi na biyar.

Abdussamadu ya bi su Birnin Kebbi a bayan motar busasshen kifi, ya sauka gidan Mansur, wan matarsa, a Nasarawa. Ranar Litinin tun da safe yana ƙofar zauren da aka aro a wata makaranta. Wani magatakarda mai suna Hodi ya bi takarda da yatsa daga sama har ƙasa.

"Ba sunanka, Baba."

"Na sani. Ba shayi nika so ba, ba takarda ba. In tsaya daga baya kawai."

"Kujeru a ƙirge suke."

Sai ya zagaya ya sami taga ta uku, wadda gilashinta biyu suka fita, ya tsaya. Daga nan yana ganin madubai goma sha biyu sababbi, masu fitila a ciki, jere a kan tebura. Ranar nan ba wanda ya taɓa su. Babban baƙo bai iso ba sai bayan azahar. Aka yi jawabi bakwai, aka yi hoto a gaban zaure, aka watse.

Ranar Talata ya ga Dakta Cecilia sosai. Gajeriya ce mai furfura, tabarau rataye a wuya, tana magana da Turanci tana juyawa da Hausar Jos. Abin da ta koyar a kan rini da ruwan haɗa shi, rabinsa ya sani, rabin ya rubuta a bayan ambulan yana jingine da bango. Da aka fito hutun rana ya nufe ta. Saura taku biyar wani jami'i mai babbar riga ya sha gabansa.

"Dattijo, ba a ɗaukar aiki a nan."

"Tambaya ɗaya zan yi mata, ranka ya daɗe."

"Kowa tambaya ɗaya gare shi."

Kafin ya zagaye rigar, an rufe mata ƙofar mota.

Da la'asar wani direban Argungu ya same shi da saƙon Nana. Haɓo ya ɓalle wa Mubina tun hantsi, an toshe da auduga, ya tsaya, ya sake dawowa. Tana kiran sunansa. Direban ya ce zai juya yanzu, akwai wuri a gaba. Abdussamadu ya sa ƙafa ɗaya a motar. Ya daɗe a haka, har direba ya yi hon. Idan ya tafi, me zai kai mata? Hannun nan biyu da ya bar gida da su. Ya sauke ƙafar.

"Ka ce ma Nana gobe da la'asar. Ka ce ta ɗaga mata kai, ta matse hancin, kar ta bari ta haɗiye."

Ranar Laraba aka fara duba gilasai da ƙarfe tara. Motar da za ta mai da Dakta Jos ƙarfe biyu za ta tashi. Gilashi ɗari da ashirin. Abdussamadu ya yi lissafin tun kafin ita ta yi. Wajen sha ɗaya, tana kan mutum na shida, ta dubi agogo ta ce daga yanzu biyu na farko kawai za ta duba a kowane akwati.

Ya kama ƙarfen taga da hannu biyu. Ya yi ta ƙoƙarin haɗa ido da Tamba, ya nuna masa da yatsa ya sauya gurbi, ya mai da na biyar na ɗaya. Amma an riga an tattara akwatunan a teburinta tun safe, kowane da sunan mai shi. Tamba ya buɗe tafin hannu, ya sunkuyar da kai.

Ƙarfe ɗaya da kwata aka kira Tamba. Ta sa na farko, ta leƙa, ta ɗago.

"Malam Tamba, jini ka shafa ko tuwo ka kwaɓa?"

Zaure ya fashe da dariya.

"Madam, a Augie shinkafa ta yi yawa, hannu ya saba."

Ta duba na biyu, ta girgiza kai, ta mai da shi. Ta ɗauki murfi za ta rufe. Sai ta dakata. Ta zaro na biyar ta ɗaga shi wajen taga. Ko ba madubi ana ganin bambancin: jinin ya tafi sumul, yana sirancewa har ya ƙare kamar bakin gashin tsuntsu, ba tsagi, ba kumfa.

"Wannan ba hannunka ba ne."

Ta ɗiga man awo a kan gilashin, ta sa shi a madubi, ta juya. Da ta ɗago, fuskarta ta yi haske irin na malamin da darasi ya faɗo masa daga sama.

"Ku taso duka! Ku yi layi. Wasunku za su yi ritaya ba su ga irin wannan ba."

Suka yi layi suna ture juna. "Kai, matsa, ba gadonka ba ne." "Bari in gani kafin Tamba ya cinye shi." Wani ya ɗago ya ce, "Kai, amma ya yi kyau!" Ita kuwa ta tafi allo tana zana ƙwaya babba, tana nuna yadda cikinta ya cinye wuri, yadda ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini suka ɓace daga gilashin gaba ɗaya.

"Mai wannan jini, babba ne ko yaro? Malam Tamba?"

Tamba ya dubi taga.

"Yarinya ce," in ji Abdussamadu daga waje. "Shekara tara."

Duk suka juya. Dakta ta sa tabarau.

"Kai ka ja wannan gilashi, Baba? To me kake yi a waje? Shigo."

Hodi ya matsa masa. Ya tsaya a gaban allo, hularsa a hannu. Ta yi tambaya yana amsawa kamar mai karanta rahoto. Zazzaɓi mako bakwai. Dasashi na jini mako uku. Saifa ta sauko yatsu uku. Ciwon ƙashi, musamman ƙafafu. Haɓo tun jiya.

"Kun ji yadda ake kawo bayani?" ta ce wa ajin. "Wannan sankarar jini ce, mai saurin tafiya. Ba kulorokwin, ba maganin taifod. Idan aka bar ta, makonni ne, da wuya ta kai wata uku. Inda ake da magani da jinin ƙari, wasu yara kan samu lokaci, kaɗan daga ciki su tashi. A nan kusa, sai Zariya." Ta juyo gare shi. "Za ka iya samun uban? A faɗa masa a hankali, ba a tsaye ba."

"Zan iya."

"In an kai ta da wuri fa?" ya ƙara. Muryarsa ba ta canza ba. "Gobe, misali."

"Da an kai ta mako shida da suka wuce, da na fi sakin baki. Amma a kai ta. Bari in rubuta wa wani abokin aikina, ko ana yaji zai duba ta." Ta yago takarda. "Sunan yarinya?"

"Mubina Abdussamadu."

Ta rubuta. "Kai kuma, wanda ya aiko?"

"Abdussamadu."

Alƙalamin ya tsaya. Ta dube shi, ta dubi layin mutanen da har yanzu ke jiran leƙawa, ta dubi zanen da ke allo. Ta miƙa hannu ta kashe fitilar madubin.

"Ku koma ku zauna," ta ce, ba da ƙarfi ba. Sannan ta ce masa, "Baba, ka yafe mini."

"Ba ki yi laifi ba, Likita. Abin da na zo nema ke nan. Kwana arba'in da tara ban san da wa nika faɗa ba."

Ta ƙarasa wasiƙar, ta cire gilashin, ta goge man da kanta, ta ba shi da hannu biyu. Direbanta na ta hon a waje. Tamba ya raka shi har tasha, hanya duka bai yi wasa ko ɗaya ba.

Ya isa gida da la'asar sakaliya. Nana na bakin ƙofar ɗaki da kwanon ruwa da ya yi ja.

"An gani?"

"An gani."

"Akwai magani?"

"Akwai, a Zariya. Haɗa mata kaya."

Bai faɗa mata sauran ba sai da suka wuce Gusau. Kwana biyar suka yi kafin a sami motar da ke da man zuwa. Likitan da aka rubuta wa ya karɓe su, ya karanta wasiƙar, ya duba gilashin, bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da aka faɗa ba. Aka ƙara mata jini sau uku, biyu daga jikin ubanta. Cikin magunguna huɗu da ake bukata, biyu aka samu. Ta ɗan farfaɗo har ta nemi fura, ta zauna ta yi wa uwarta kitso rabin kai. Ta rasu ranar Alhamis, ashirin ga Oktoba, da hantsi, lokacin da ake yankan shinkafa a fadamar Argungu. A can Zariya aka binne ta.

Ya koma aiki ranar Litinin bayan addu'ar bakwai. Yara goma sha tara ke jira a kan benci da uwayensu. Ya wanke hannu, ya kira ta farko.