Biskit Mai Tafarnuwa

A makarantar horon malamai mata na koyi gashin biskit. Da aka kai ni Kalgo daga Gwandu ina amarya, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ba abin da nake taƙama da shi kamarsa. Tuwo kowa ya iya. Ni so nake uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta san ɗanta ya auro 'yar boko.

Ranar kasuwa na sa aka sayo mini fulawa da bota da bekin foda. Cuku kuwa wajen wani Buzu mai shayi aka samo, busasshe kamar ƙirgi. Na daka shi a turmi tare da tafarnuwa. A makaranta 'yar kaɗan ake sawa, ni kuwa na juye dunƙule guda, wai don a ji. Na kwaɓa da nono, na zuba yashi a gindin tukunya, na ɗora faranti, na riƙa ɗiga kwaɓin da cokali. Garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Sun tashi kuwa, sun yi ja, sai dai warin ya tsallake katanga.

Na jera su a kwanon samira na kai wa Inna, na durƙusa a bakin ƙofa. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta gatsa, ta daɗe tana tauna, don cukun bai narke ba.

"Ɗiyata," ta ce, "ashe kin ji tarin da nike kwana da shi. Allah shi yi miki albarka."

A wurinsu tafarnuwa mai yawa haka magani ce. Na buɗe baki in ce abin marmari ne, kunya ta rufe shi. Na ce amin.

Kafin la'asar ta rarraba wa maƙwabta masu mura. Bayan 'yan kwanaki mata suka fara sallama suna neman maganin amarya, har da wata da ta taho daga Dangoma da goyo. In na ji sallamarsu sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mijina ya san gaskiyar, amma in na kai masa kuka dariya kawai yake yi har ya ƙware. Haka na yi ta gasawa duk daminar nan, ban gyara wa kowa zance ba.

Da na je ganin gida Gwandu, na tarar labarin ya riga ni. Mahaifiyata ta jira har baƙi suka watse, sannan ta tambaye ni a hankali ko aikin asibiti na karanta ba su sani ba. Na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Ta ce kada in kuskura in faɗa wa tsohuwa, tunda ta riga ta sa albarka.