Allon da Ya Ƙi Kawowa

Ban taɓa son ɗan Baffa ba, kuma ba zan zauna yau in yi ƙaryar ina sonsa ba. Ya girme ni da shekara shida, don haka Yaya nake ce masa, amma a fatar baki kawai. Tun daminar da mahaifina ya rasu ya fara cin iyakar gonarmu. Gonarmu da tasu a manne suke, kamar duk gonakin ƙauyenmu, layin gamba ne kaɗai ya raba. Duk shekara idan ya zo huɗa sai garmar shanunsa ta ɗan karkace, ta tumɓuke gindin gamba biyu ko uku. Cikin damina huɗu ya cinye mana kunya biyu cif. Na kai ƙara wurin Baffa, yayan mahaifina kuma babban gidanmu, ya ce babu shaida, in yi haƙuri. Inna ma haƙurin ta ba ni. Na haɗiye, amma ban manta ba.

Sai ga shekarun nan da kuɗin mota ya tashi, gero ya gagari mai nomansa, gidaje da yawa suka koma kwaɗon rama da ƙuli da rana tsaka. Ina koyarwa a firamare, albashin ba ya kai ni tsakiyar wata. Na lura duk wanda zai buga takarda ko ya yi wa ɗansa rajistar jarrabawa sai ya hau babur zuwa Makoda, wani lokaci har Dambatta, ya dawo ba a gama masa ba. Ni kuwa lokacin da nake karatu a birni na yi zaman shagon wani mai gyaran kwamfuta, na iya haɗa ta tun daga kwanko. Sai na fara sayen kayan ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu na hannu, duk sanda na shiga Kano. Wannan watan madabod, faifan da ake dasa komai a jikinsa, wancan watan furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, can gaba allo da sola da batir. Kusan shekara na yi ina tari. Ƙananan kayan a ɗakin Inna na ajiye su, cikin akwatin ƙarfen mahaifina, domin ɗakinta ne kawai ba ya yoyo.

Akwai wani shago a bakin hanya da kakanmu ya gina, jikin zauren da Baffa yake karantar da ɗalibai. Shi nake so. Shi ma Yaya shi yake so. Sana'arsa sayen gyaɗa da gero da kaka, ya ɓoye sai sun yi tsada ya kai Dawanau, matansa kuma suna matsar man gyaɗa yana kaiwa kasuwa. Yana neman inda zai jibge buhuna. Baffa ya tara mu ya yanke magana. Ya ce ya ba ni mako guda. Idan na'urar ta tashi ta yi aikin da zai amfani mutane kafin sallar Juma'a, shagon nawa ne. Idan ba ta tashi ba, in kwashe tarkacena, kaka ta kusa. Ya ba ni makulli ɗaya, ɗayan yana hannun Yaya tun da can, ba wanda ya ce ya dawo da shi.

Ranar Asabar na kwaso kayan daga ɗakin Inna na kai shagon. Sai Litinin da hantsi na samu zama na haɗa, saboda sai da na kafa sola a kan rufi tukuna. Labari ya riga ya zaga gari, mutane sun cika ƙofa, har da tsofaffin da ba su san me suka zo gani ba. Na yi bismillah na danna. Fanka ta ɗauka, ƙaramar fitilar gaba ta kama. Na juya ina kallon allon. Baƙi ƙirin. Na jira. Wani ɗan rubutun Turanci ya leƙo yana cewa babu abin da ya iso masa, ya ɓace, allon ya koma yadda yake.

Yaya yana jingine da ƙyaure yana sakace. Ya ce, "Injiniya, ko dai sai an tura ta ne kamar motar kasuwa?"

Aka yi dariya. Ya ƙara da cewa ai fankar ma ba laifi, idan ya zuba gyaɗarsa a bar masa ita ta riƙa kore ƙwari. Wallahi a lokacin, da zan iya, da akwatin kwamfutar zan ɗauka in kife masa a ka. Na yi murmushi na ce masa ƙaramar matsala ce.

Ba ƙarama ba ce. Kwana uku na yi ina fama. Na fara da wayar da ta haɗa kwamfutar da allon, na cire na mayar, na juya kai da gindi. Na ari wata wayar a wurin mai cajin waya, babu canji. Na ɗauki allon a ka na kai gidan hedimasta, muka jona da tasa ta tafi-da-gidanka, nan take ya kawo tar, har da hoton jikokinsa. To allon lafiyarsa lau. Na dawo na zargi wutar, na jira sai da rana ta take batir ya cika, na sake dannawa. Fanka dai ta juya, allo dai ya yi shiru. Na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin madabod, na ƙirga ɗari, na mayar. Na kwance kowace waya na sake cusawa har yatsuna suka yi ja. Kullum da la'asar Yaya sai ya biyo, ya leƙo, ya auna faɗin shagon da taku a gabana, yana faɗin buhu nawa zai ci ta nan, nawa ta can.

Ranar Alhamis da safe na hau tudun bayan makaranta inda ake samun sabis na kira maigidana na birni, mai gyaran kwamfutar nan. Na zayyana masa komai. Ya ce, "Ka duba ram?" Na ce ai shi da kansa ya ba ni sabo fil, a takarda ya naɗe min da hannunsa. Ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Ka ciro su ka dubi haƙoransu. In sun yi datti kwamfuta za ta yi ta juya fanka har gobe ba za ta nuna komai ba."

Ram wasu 'yan sanduna ne guda biyu, faɗin yatsa biyu, gefensu ɗaya jere da haƙora ruwan zinare, su ake cusawa cikin rami a jikin madabod. Na ciro su na kai bakin ƙofa wurin haske. Haƙoran suna ƙyalli fiye da kima. Ranar da na saka su na ga ƙyallin, na ɗauka sabunta ce. Na shafa da babban yatsa, ya kama min yatsa, danƙo-danƙo, ga ƙura ta manne. Na kai hanci.

Man gyaɗa.

Na zauna a kan benci riƙe da su, zuciyata tana tafasa, amma wani daɗi yana ratsa ni ta ƙasa. Wa ke da makulli? Wa ke yawo da warin man gyaɗa a riga tun daga asuba? Wa ke son shagon? Na ce yau Allah ya kama min shi. Ban goge ba. Na naɗe su a hankici, na sayo sifirit a kemis da sabon buroshin goge baki, na jira la'asar, lokacin da zauren Baffa ya fi cika.

Da aka idar da sallah na durƙusa gaban Baffa na buɗe hankicin. Na ce, "Baffa, a gafarce ni, ina so a sansana wannan."

Ya karɓa ya kai hanci, ya miƙa wa liman, liman ya miƙa wa na kusa da shi. Kowa ya sansana ya ce man gyaɗa ne. Na ce, "Shi ya hana na'urar tashi. Ranar Asabar na kai kayan shago, sai Litinin na haɗa. Makulli biyu ne. Ga nawa." Na ajiye shi a kan buzu. Ban ambaci sunan kowa ba, ban ma kalli inda yake zaune ba.

Yaya ya miƙe. "Baba, wallahi ban taɓa masa komai ba. Ban ma san mene ne wannan ba."

Baffa ya ce, "Zauna. Ka shiga shagon ko ba ka shiga ba?"

Ya ce ya shiga ranar Lahadi, ya duba rufin ne ko yana zuba. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, alhali dariya nake dannewa.

Muka ɗunguma zuwa shagon gaba ɗaya. A gabansu na wanke haƙoran da sifirit, na goge ramin da buroshi, na bari suka sha iska, na cusa su har suka ce ƙas. Na danna. Fanka ta ɗauka, allon ya yi jim kamar zai sake ci min mutunci, sai ga rubutu fari ya fito, ya cika shi. Wani tsoho ya yi salati. Baffa bai kalli allon ba, ɗansa yake kallo. Ya miƙa hannu, Yaya ya zaro makullin daga aljihu ya sa masa, shi kuma ya ba ni. Sannan ya ce, a gaban kowa, wanda zai iya wannan zai iya cin iyakar maraya, gobe bayan Juma'a za a je gona da igiya a mayar da gamba inda take. Ban taɓa cin tuwon da ya kai na ranar daɗi ba.

Washegari da safe Inna ta aiko a kira ni. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma cika kallona ido cikin ido ba. Na same ta zaune a bakin gado, akwatin ƙarfen a buɗe gabanta, ga tsohuwar wuƙar mahaifina da laujensa a ciki, suna ƙyalli.

Ta ce, "Kai wannan, me na ji matan gida suna faɗa? Wai mai aka samu a jikin kayanka?"

Na ce e, Inna, amma an gama maganar.

Ta ce, "Ni na shafa."

Ta yi bayani a hankali, tana kallon tabarma. Duk farkon damina takan fito da ƙarafan mahaifina ta shafe su da man gyaɗa kada su yi tsatsa, yadda shi ma yake yi wa fartanya da lauje tun tana amarya. Bana da ta buɗe akwatin ta ga sauran kayana a rufe cikin leda, sai waɗannan biyun a takarda kawai, takardar har ta yi laushi da raɓa. Ta ji tausayin wahalar da na sha kafin in saye su. Ta tsoma gashin kaza a mai ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ta mayar ta naɗe.

Ina jin ta, ina tuna danƙon da ya kama min yatsa. Ni ɗan manomin gyaɗa ne. Na san man da ya kwana huɗu ba ya danƙo haka, sai wanda ya yi watanni. Tun a bakin ƙofar shagon yatsana ya gaya min, na ƙi saurara.

Ta ce, "Tashi ka je ka gaya wa Baffanka tun ba a tafi masallaci ba."

Na ce, "Inna, kunya biyu ya ci mana. Shekara huɗu kina ba ni haƙuri."

"Wannan daban."

"A wurina ɗaya ne. Kuma idan kika faɗa, ni za a kira maƙaryaci a zauren nan, ba shi ba. Shagon ma ya tafi."

Ta san gaskiya na faɗa, kuma na san ba za ta iya tsayawa gaban maza ta tona ɗanta ba. Da wannan na kama ta, ina sane. Ta rufe akwatin ta ce, "To. Je ka."

Bayan Juma'a aka je gona da igiya, aka mayar mana da kunyoyinmu. Yaya yana tsaye hannu a baya, yana kallo. Kakar nan a ƙarƙashin tamfol ya tara gyaɗarsa, ruwan ƙarshe ya same ta, rabi ta yi funfuna. Waɗanda suka saba ba shi amanar hatsinsu ya kai musu Dawanau suka koma wurin wani. Ina zaune a shagona ina buga wa mutane takardu, yana wucewa a kan babur ba ya waiwaye, ni kuma ina ƙara wa fanka ƙarfi. Ba zan ce ban ji daɗi ba. Na ji, kuma na daɗe ina ji.

Inna ba ta sake tayar da maganar ba. Ba ta kuma taɓa taka shagon ba, ko da na roƙe ta ta zo ta ga hotonta a allo. Da kaka ta zo aka yanke gero, ta sa aka ware na kunyoyin nan biyu, aka ɗaure shi dami guda daban. Na ɗauka sadaka za ta yi. Da kanta ta ɗora shi a ka, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta kai ƙofar ɗakin uwargidan Yaya ta sauke, ta dawo ba ta yi wa kowa bayani ba. Haka ta yi kaka uku a jere.

A kaka ta huɗu ba ta nan, Allah ya yi mata rasuwa. Na tsaya a gona da lauje a kan kunyoyin, masu ɗaurin dami suna jira in ce musu wani abu. Na ce su haɗa da sauran. Har yau ban gaya wa Baffa ba, kuma geron gonar nan ni ba na cin tuwonsa, sayarwa nake yi.