Takobin Kakan Davou

Duk mai hawa bas a kan Stockport Road a Manchester ya san Davou, direban nan ɗan Jos da ke gaishe da kowa kamar ƙanin uwarsa. Mutum ne mai tsaftar tsiya. Takalminsa kana ganin fuskarka a ciki, kuma matarsa Justina ta daɗe da haƙura da yadda yake sake wanke tukwanen da ta wanke.

Abin da ya fi ji da shi a gidansu na Levenshulme wani takobi ne. Kakansa ya yi soja a yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo da shi daga hannun wani hafsan Japan. Kowace Kirsimeti mazan gidan kan zauna su dirje shi da toka da lemon tsami har ya yi ƙyalli, sannan a shafe shi da man gyaɗa. Davou bai taɓa tsallake shekara ba, yana dirza yana ba da labarin kakan.

Matsalar ita ce Goodness, 'yarsa tilo, wadda aka haifa a Manchester. Tun da ta shiga jami'a ta daina sauraro.

"Baba, come on," in ji ta. "Adda ce kawai mai kwalliya. Ƙila a kasuwa ya saya."

Maganar ta soke shi ƙwarai. In yarinyar ba ta yarda ba, labarin kakansa a kansa zai ƙare.

Da ya ji ana baje kolin tsofaffin makamai a Birmingham, sai ya ɗauki hutu, ya lallaɓa ta ta raka shi. Kafin su fita kuwa ya ƙara wa takobin dirza ta musamman, don ba a kai wa mutane kaya da dauɗa.

Mai duba takubban wata dattijuwa ce 'yar Japan, sunanta Hana. Ta sunkuyar da kai ga takobin, ta zare shi a hankali, ta ɗaga shi a haske. Sai ta dafe ƙirji.

"Wa ya yi masa wannan aiki?"

"Ni ne, Madam," ya ce yana murmushi. "Ni da babana da kakana."

Ta bayyana masa cewa a gefen kaifin akwai wani zane kamar igiyar ruwa, wanda wuta ke bari a jikin ƙarfe, kuma da shi ake gane hannun maƙeri. Tokar gidansu ta shafe shi tas. Garin gyaran gira an rasa ido. Davou ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ya kasa kallon 'yarsa.

Hana ba ta gama ba. Ta ɗauko 'yar guduma, ta fitar da wata ƙusar gora, mariƙin ya zare. Davou ya saki baki, don duk zuri'arsu babu wanda ya san yana ciruwa. Ƙarfen da ke ciki baƙi ƙirin ne da tsatsa, hannun Davou har ƙaiƙayin gogewa yake.

"Sorry, Madam, da na sani da na goge nan ma."

"Kada ka kuskura!" ta ce, har mutane suka waigo.

Wannan tsatsar ce shaida, in ji ta. Launinta ya nuna takobin ya girmi yaƙin da ɗaruruwan shekaru, ga sunan maƙerin a sassaƙe. Mariƙin kuwa irin na hafsoshin yaƙin ne.

"An so takobin nan," ta ƙara tana dariya, "son ne ya yi yawa."

A jirgin ƙasa na komawa Goodness ta ƙi bari ya riƙe akwatin takobin. Ta ɗora shi a cinya har suka bar gari, sannan ta taɓa hannunsa.

"Baba, yaya ma sunan kakan namu? Fara mini daga farko."