Ranar da Inna Ta Tayar da Gauraki

Shekarar da ma'aikatan gandun daji suka zo lakwal ɗinmu, makarantar da nake koyarwa, neman masu sa kai su ƙirga tsuntsayen tafkin Madarumfa, mai maganar bai rufe baki ba hannuna yana sama. Abokan aikina suka yi ta dariya, wai Mushe, haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu, ya gaji da ƙirga 'ya'yan mutane, zai koma ƙirga 'ya'yan balbela. Na ce su yi ta yi. Aka miƙo mini madubin hangen nesa, jimel muke ce masa, aka nuna mini inda ake murzawa. Da na ɗora shi a ido na ga dinya can tsakiyar ruwa tana gyaran fiffike kamar a tafin hannuna take, wallahi ihu na kurma. Dinyar ta tashi. Nan na koyi dokar farko ta aikin: a yi shiru.

To, a yi shiru a ina? A bakin tafkinmu? Lokacin sanyi ake aikin, lokacin da masunta ke shiga ruwa, masu garka kuma na ban ruwan albasa da salati. Mutum ya hango ka durƙushe cikin ciyawa, ai ba zai wuce ba. Tun daga nesa zai ɗaga murya: "Sannu da aiki, Mushe! Ina kwana? Ina sanyi? Ina iyali? Ina Inna da jiki?" Kafin a kai ga jikin Inna, garken kirinjijiyar da na kusa gama ƙirgawa ya yi sama fir. Ni kuwa mutum ne mai saurin fushi, sai in amsa ina cizon leɓe.

Da abin ya ishe ni, sai na bi su garka garka, na kuma tare masunta a ƙofar masallaci. Na ce don Allah duk wanda ya gan ni da jimel a ido ya ɗaga hannu kawai ya wuce. Wani tsohon masunci, maƙwabcinmu, ya kama haɓa ya ce, "Mu wuce ka shiru, sai ka ce muna gaba? Haba Mushe!" Da ƙyar suka yarda, bisa sharaɗin in na gama in bi su ɗaya bayan ɗaya in gaishe su. Haka nake yi, har rana ta take.

Ba wanda ya san abin da ya ɗaga hannuna ranar nan a lakwal. Gauraka nake nema. Mahaifiyata a ƙetaren tafkin nan ta tashi, kuma tun muna yara take ba mu labarin gauraki masu tukku ruwan zinariya, yadda suke sauka a gonarsu bayan an cire gero, suna tsalle suna rawa. Ni na girma ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Yanzu ga Inna ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani, tafiya ma sai da dafa bango. Duk ranar da na dawo daga tafki tambayarta ɗaya ce.

"Kai, ka ga gauraka?"

"A'a, Inna. Na ga zalɓe, na ga dinya."

"To me kake ƙirgawa ke nan?"

Wata rana ta ce, "In suna nan duniya, ina so mu sake haɗuwa kafin in koma." Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Sanyi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, jikinta na ƙara sanyi, ni kuma tsoro na ƙara kama ni.

Sai wata safiya. Ina bin gefen da ruwa ya janye da jimel, sai na ga dogayen wuyaye a cikin gajeren ciyawa, ga tukku yana walƙiya. Na sauke jimel na goge ido, na sake ɗorawa. Su ne! Allahu akbar, su ne! 'Yan kaɗan ne, suna kiwo abinsu hankali kwance. Na toshe bakina da hannu don kada in maimaita na dinya. Na ja da baya da rarrafe, da na yi nisa na zura da gudu, babban mutum da furfura, takalmi a hannu.

Inna ba ta iya hawa moto, sai na ari amalanken jaki. Na shimfiɗa mata tabarma, na lulluɓe ta da bargo. Jakin nan kuwa kamar an aiko shi ya gwada imanina. Na lallashe shi, na zage shi, na roƙe shi don Allah da Annabi. A hanya duk wanda muka haɗu da shi ya ga jimel a wuyana, sai ya ɗaga hannu ya wuce sumul. Na ji daɗi har cikin raina, na ce yauwa, karatu ya zauna. Inna ta ce, "Yau lafiya garin nan? Ina jin tafiyar mutane, ba mai gaishe ni." Na ce ta yi haƙuri, in mun dawo na yi mata bayani.

Muka tarar suna nan. Na sauko da ita a hankali, na zaunar da ita bayan wani kurmi. Na ɗora mata jimel a ido, na murza, na sake murzawa.

"Inna, kin gani? Ga su can."

"Fari kawai nake gani."

Duk gudun nan da na yi, ban tsaya na yi tunanin wannan ba. Na shiga raɗa mata a kunne: ga wuyan, ga jan kunci, ga tukkun. Ta ture jimel ɗin ta ce, "Wannan ai labari ne. Labarinsu kuwa na fi ka." Gaurakin na kiwo shiru, ko tari ba sa yi. Ga su ga ta, amma kamar suna Maradi. Na ji hawaye na neman zubo mini.

Ana haka sai ga tsohon masuncin nan da koma a kafaɗa. Ya hango mu, ya ɗaga hannu, ya shiga sanɗa bawan Allah, yadda na koya masa. Amma kunnen Inna ras yake. Ta ji motsin ciyawa, ta miƙe zaune, ta buɗe murya iya ƙarfinta:

"Wane ne nan zai wuce ba sallama? Sannu da aiki!"

Na dafe kai. Tsohon ya dube ni, ya dube ta. Ina zai iya yin shiru, dattijuwa ta gaishe shi? Ya ajiye koma ya durƙusa. "Inna, ke ce? Ina kwana! Ina sanyi! Ina ƙarfin jiki!"

Gaurakin suka ɗaga kai, suka yi gudu kaɗan, suka buɗe fiffike. Na ce shi ke nan, an gama da ni. Suna tashi kuwa sai suka saki kuka, mai kauri, kamar ana busa ƙaho, wannan ya yi wancan ya amsa. Suka kewayo ta bisa kanmu, har iskar fiffikensu muna ji.

Inna ta damƙe hannuna, damƙar da ban san tana da sauran ƙarfinta ba. Ta ɗaga fuska sama, bargon ya zame.

"Su ne! Wallahi su ne! Muryarsu ba ta sake ba!"

Tana dariya, hawaye na bin kumatunta. Ni ma ihu nake, tsohon masuncin na ta kabbara. Ta ɗaga hannu wajen da kukan ke nisa tana cewa, "Sannunku da zuwa! Ina kuka shiga haka?" Sai da ya ɓace ƙwaf ta juyo wajena, har yanzu ba ta sake ni ba. Ashe tuni ta gano ni ne na hana gaisuwar.

"Kai da ka hana mutane gaisuwa," ta ce, "ka ga su ma sai da aka gaishe su suka amsa."

Da ma'aikacin gandun daji ya tambaye ni guda nawa ne, na ce masa ban ƙirga ba. Inna ba ta kai wani sanyin ba, da damina ta rasu. Har yau ina zuwa tafki da jimel a wuya. Na sake bin su garka garka na ce a ci gaba da gaishe ni, kuma ina amsawa da ƙarfi.