Ƙwarin da Inna Ta Tace

Bayan gubar dalma da ke cikin ƙurar dutsen zinari ta yi wa yaranmu ɓarna a ƙauyenmu na ƙasar Anka, na sayar da injin niƙan dutsen zinari, na haƙa tafkin kifi a bayan gida. Tarwaɗa na zuba. In sun yi, na rabu da ramin zinari ke nan.

Kafin wata biyu ruwan ya koma kamar miyar kuka. Gansakuka ta rufe shi, kifi suka riƙa tasowa suna hamma. Na tafi Gummi wurin wani malamin gona, mutumin da ko gaisuwa sai ya yayyafa mata Turanci. Ya ɗaga wata jarkar ruwa ga rana, na ga ƙananan ƙwari suna tsalle a ciki. Ya ce su ke cin gansakuka, in zuba su, in bari su hayayyafa. Na rungumo jarkar a kan babur, ina jin kaina rabin likita.

Na ajiye ta a inuwar rumbu, na tafi La'asar. Abin da na manta shi ne Inna. Shekarun baya, lokacin yaƙi da kurkunu, ita aka ba ƙyallen tace ƙwarin ruwa masu kawo shi, ta koya wa matan unguwa. Waɗanda suka naɗa ta sun daɗe da mantawa, ita kuwa ba ta sauka daga muƙamin ba.

Na dawo na tarar ta tace ruwan sau biyu, ta tafasa, ƙyallen na shanye a kan danga.

"Inna, ƙwarin nan su ne maganin," na ce.

"Gwamnati tac ce a kashe su," in ji ta. "Kai kuma kat tai Gummi kaɗ ɗauko su bisa babur."

"Waɗanga daban ne, Inna."

"Sun hwaɗa maka?" Ta nuna mini tabon kurkunu a ƙafarta.

Na koma Gummi, aka ce malam ya tafi bita Gusau. Kafin ya gama bitar, kifayena sun juya ciki sama. Na ji haushi sosai, amma na rasa wanda zan sauke wa.

Ranar da na saɓa diga zan koma rami, Inna ta biyo ni har zaure.

"In ka dawo," ta ce, "ka tuɓe tuhwahinka waje kamin ka taɓa ɗiyanka."