Yaya Sailuba da Ganyen Estragon

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga Maris, 2016, da hantsi, Afnan ta kira ni daga asibiti ta ce mahaifiyarta, Yaya Sailuba, ta cika. Yarinyar da kullum da Turanci take amsa mini, ranar da Hausa ta faɗa.

Yaya, shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka a Beltsville, nan ƙasar waje, ke 'yar Damagaram, mu Kanawa. A wurinki na fara jin sunan estragon, wani siririn ganye mai ƙamshi da kika saba girki da shi a Yamai. Duk ƙarshen sanyi kina yafa irinsa a kofunan yogot a bakin tagar kicin, ba kya binnewa, kina yayyafa masa ruwa da yatsu. Yakan tsiro, amma ƙamshin ba ya kai wanda kika sani. Sai daga baya Edna, dattijuwar da ke bayan gidanki, ta gaya miki mai ƙamshin ba ya fitowa daga iri, ta yanko miki reshe. Shekara biyu kina lallaɓa shi kafin ya kama ƙasa.

Lokacin da matata Asma take jinyar ciwon daji, komai aka kai bakinta ɗaci yake mata. Kowace Juma'a sai ga ki da farfesun kaza, da ganyen nan da lemon tsami. Kina zama a gefen gadonta ki ce, "Loma uku kawai, ƙanwata. Sauran na mijinki Barau ne." Da loma ukun nan ta miƙe.

A bazarar 2013 aka yi miki aikin gwiwa. Na ce bari in rama alheri, na shiga lambunki na yi noma, na tattara ciyawar na zubar. Kika leƙo da sandarki, kika daɗe kina kallo, sannan kika sa mini albarka, kika aiko da zoɓo mai sanyi.

Sai a ranar sadakar uku Edna ta gaya mini cewa har da estragon ɗinki na tumɓuke, da saiwarsa. Ta ce ta same ki zaune a bakin kunyar shukar kina hawaye, kuma kika hana ta faɗa mini, wai mutumin da ya zo taimako ba a aika shi gida da kunya.

Kusan shekara uku ina gaishe ki kowace safiya, ina ganin na yi miki abin kirki. Ban taɓa ba ki haƙuri ba. Ki yafe mini, Yaya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Almu, da 'ya'yanki Afnan da Khalil, da dangi na Damagaram. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen.

Barau, Beltsville